Shafin Lafiyar Baki: Abin da muke gani idan an yanki tsoka an kai ɗakin gwaji

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan watan kamar an haɗa baki, yawancinsu a kan abu ɗaya suke: kumburi ko tsiro ko gyambo a baki, da maganar da likita kan yi cewa sai an yanki 'yar tsoka an kai ɗakin gwaji kafin a san abin yi. Wannan aikin shi muke kira bayofsi a asibiti. Na ware guda biyar, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Funtuwa: Likita, ƙanena tela ne, shekararsa 26. Yau shekara biyu ke nan muƙamuƙinsa na ƙasa ta dama yana kumbura a hankali. Ba ya masa ciwo, yana cin abincinsa. Wani mai cire haƙori ya cire masa turmi ɗaya, an kuma yi masa sakiya, ba abin da ya fito sai ruwa mai launin shayi. Yanzu an yi hoto a asibiti, sun ce sai an yanki nama an gwada. Mahaifiyarmu ta ƙi, wai in daji ne, da zarar ƙarfe ya taɓa shi zai fusata ya bazu. Mece ce gaskiya?

Amsa: 'Yar'uwa, sannunku da jinya, ki kuma gaishe mini da Mama. Ba ita kaɗai ke da wannan tsoron ba, da wuya mako ya wuce ban zauna da wata uwa a kan wannan maganar ba, kuma na san inda tsoron ya samo asali. Mutanenmu da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. A yanki tsoka yau, bayan wata biyu jiki ya rikice, sai dangi su ce wuƙar likita ce ta tayar da shi. Alhali ciwon ya riga ya yi nisa tun kafin a taka ƙofar asibiti, da an yanka da ba a yanka ba hanyar da ya ɗauka ke nan. Ƙari ba ya fushi da ƙarfe. Abin da ke ba shi dama lokaci ne, kuma shekara biyu lokaci ne mai yawa.

Bari in faɗa miki yadda aikin yake, don ki kwatanta wa Mama. Zai zauna a kujerar cire haƙori, idonsa biyu. A yi masa allurar kashe wuri, irin wadda ake yi wa mai cire haƙori. In wurin ya mutu, a ɗaga dasashi kaɗan, a buɗe 'yar kafa a jikin ƙashin, a ɗebo tsoka kamar ƙwayar wake, a mayar da dasashin a ɗinke da zare biyu ko uku. A ranar zai koma gida da ƙafarsa. Ita kuwa tsokar, nan take ake jefa ta a 'yar kwalba mai ruwan fomalin, wanda ke hana nama ruɓewa. A ɗakin gwaji sai a daskarar da ita cikin kaki, a yanyanka ta siriri fiye da ɓawon albasa, a rina ta da launi biyu, a ɗora a kan gilashi, likitan nazarin tsoka ya leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu. Shi ne zai rubuto mana sunan ciwon.

Za ki ce to hoton da aka yi fa? Hoto yana nuna inda ƙashi ya cinye da iyakar cinyewar, amma ba ya faɗin abin da ya cinye shi. Cututtuka uku ko huɗu suna iya kama da juna a hoto kamar an tsaga kara, maganinsu kuwa ya sha bamban. Wani jakar ruwa ce kawai, a buɗe a kwashe, shi ke nan. Wani sai an yanke shi tare da ɗan lafiyayyen ƙashin da ke kewaye da shi. Wani kuma ba a yi masa tiyata sam, maganin daji ake sa wa ta ƙarin ruwa. Likitan da ya shiga ɗakin tiyata bai san wanne ne a gabansa ba, ko dai ya yanke abin da bai kamata ba, ko ya bar abin da zai dawo.

Ba a gane ciwo ta wasiƙa, amma yadda kika kwatanta, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kumburin muƙamuƙin ƙasa mai tafiyar hawainiya, ba ciwo, abin da likitocinsa za su fara tunani shi ne wani ƙari da ake kira amelobilastoma. Yana tasowa ne daga ragowar ƙwayoyin halittar da suka gina farin ɓawon haƙori tun muna yara. Kusan huɗu cikin biyar a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, kuma a hoto yakan yi kama da kumfar sabulu. Ba kansa ba ne, wato ba ciwon daji ba ne, don ba ɗabi'arsa ba ce ya tsallaka zuwa huhu ko hanta. Amma yana cin ƙashi daga ciki kamar yadda gara ke cin azara, waje lafiya lau, ciki ya zama holoƙo. Wani lokacin in ka danna da yatsa sai ka ji ƙashin yana ƙaras-ƙaras kamar ɓawon ƙwai. In aka kankare shi kawai, sau da yawa yakan dawo, shi ya sa ake yanke shi da ɗan abin da ke gefensa.

A nan girman ƙarin yake da muhimmanci. In ƙarami ne, ana iya cire shi a bar gindin ƙashin, fuska ta zauna yadda take. In ya girma, sai an cire rabin muƙamuƙi ko fiye, a sa ƙarfe, a ɗebo ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙari a cike gurbin. Ba na manta wani saurayi mai sayar da rake da ya shigo mini ana tsakiyar zafin bazara ya naɗe fuska da rawani, ido kawai ake gani. Da ya warware, haɓarsa ta kai girman ƙwaryar fura, haƙoran ƙasa sun watse kowanne ya kama gabansa, harshe ya ture can baya har maganarsa ba ta fita sosai. Ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihu, ta yi laushi don ninkewa. Takardar ranar da aka ba shi ce ya dawo a yanki tsoka, shekara shida da suka wuce, lokacin da abin bai wuce girman goro ba. Kawunsa ne ya hana, da kyakkyawar niyya, da irin maganar da Mama take yi yanzu. An yi masa aiki, Allah ya ba shi lafiya, amma kusan dukan muƙamuƙin ƙasa ya tafi, ya yi watanni ba ya cin komai sai kunu da koko. Har yau in na tuna wannan takardar sai raina ya sosu.

Abu biyu nake roƙonku. A daina sakiya, domin tana shigar da ƙwayoyin cuta cikin ƙashi, wuri ya yi mugunya, dole a jinkirta aiki sai an kashe ta. Sannan in an ba ku kwalbar ku kai ɗakin gwaji da kanku, kamar yadda ake yi a wurare da yawa, ku kai ta a ranar. Kada a zubar da ruwan cikinta saboda warinsa, kada a canza shi da ruwan famfo, kada a sa ta a firiza. Tsokar da ta bushe ko ta ruɓe ba ta karantuwa, sai an sake yankar wata. Sakamakon tsoka mai laushi yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, in da ƙashi a ciki ya fi haka daɗewa, domin sai an jiƙa shi a wani ruwa ya yi laushi kafin ya yanku. Jinkirin ba alamar mugun labari ba ne.

In da hali, ku tafi da Mama asibitin ta ji daga bakin likitan, ta kuma ga hoton da idonta. Gani ya kori ji.

Tambaya daga wani ɗalibi a makarantar koyon aikin lafiya a Kano: Likita, cikin tsokokin baki da ake kaiwa gwaji, wace cuta ce ta fi fitowa? Kuma kashi nawa ne ke zama kansa? Na karanta wurare biyu, amsoshinsu sun saɓa.

Amsa: Ƙanena, dole su saɓa, kuma na ji daɗin da ka lura. Amsar tana bin ƙasar da aka yi ƙidayar, da irin mutanen da ke zuwa asibitin, da abin da likitocin wurin suka saba aikawa gwaji.

Ɗauki birnin Shefil na Ingila. Akwai bincike sananne da aka wallafa a 2006, wanda ya tattara tsokokin baki na manya sama da 44,000 da aka duba cikin shekara 30. Abin da ya fi yawa a ciki shi ne wani tsiro mai tauri marar illa, wanda ke fitowa inda mutum ke yawan cizon kuncinsa ko inda haƙorin roba ke goga. Sai ɗan dunƙulen naman da ke taruwa a saiwar mataccen haƙori, da jakar ruwan da ke biyo bayansa. Kansa kuwa wajen 5 cikin 100 ce kacal. A ɓangaren yara, wanda ya fi yawa shi ne ƙululun yawu a leɓen ƙasa, wanda ke tasowa in yaro ya ciji leɓensa 'yar hanyar yawu ta fashe.

In ka zo ɗakunan gwajin manyan asibitocinmu, hoton ya juye. Ƙari ne ke cika littafin, mai illa da marar illa, ƙananan abubuwan nan kuwa ba su da yawa. Cikin ƙarin da ke tasowa daga tushen haƙori, amelobilastoma ne a gaba, da tazara mai yawa. Wani bincike na Kaduna da ya fito a 2005 ya duba irin waɗannan ƙari 318, ya samu 73 cikin 100 amelobilastoma ne. Na Legas da ya fito a shekarar, mai ƙari 319, ya samu 63 cikin 100. A yawancin rahotannin Turai da Amurka kuwa wanda ke gaba shi ne odontoma, wato dunƙulen ƙananan haƙora da suka cakuɗe a cikin ƙashi, abin da sau da yawa ba ya damun mai shi.

Kada ka yi saurin cewa mu Allah ya jarrabe mu da ƙari, su kuma da ƙananan abubuwa. Ka duba yadda lissafin yake haɗuwa. Bature yana zuwa wajen likitan haƙori ko ba ya ciwo, a yi masa hoto, a ga odontoma kamar ƙwayar masara, a cire, a aika gwaji, ya shiga lissafi. Namu yana nan a muƙamuƙin mai shi har ya koma ga Allah, ba wanda ya sani. Haka dunƙulen naman saiwar haƙori: a can likita yakan aika, a nan sau da yawa da shi da haƙorin da audugar duk kwandon shara suke tafiya, domin majinyaci ne zai biya kuɗin gwajin, kuma wanda ya sha wahala kafin ya haɗa kuɗin cire haƙori, da wuya ka ce masa ya ƙaro. Abin da ke isa ɗakin gwajinmu shi ne abin da ya girma har ya tsorata kowa. Saboda haka alƙaluman ɗakin gwaji suna ba ka labarin abin da aka kawo ne, ba abin da ke cikin gari ba. Ni a ganina wannan ne darasi mafi amfani ga mai koyon aikin lafiya a duk maganar nan, kuma ina so ka riƙe shi ko a wane fanni ka tsinci kanka.

Game da kansa, a duniya baki ɗaya wajen tara cikin goma na kansar baki tana tasowa ne daga fatar da ta lulluɓe cikin bakin, musamman gefen harshe da ƙarƙashinsa. A nan ma ita ce kan gaba, sai dai rabonta bai kai haka ba a rahotanninmu, domin kansar mabubbugar yawu da ta ƙashi da ta kaluluwa suna da nasu kaso mai kauri. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna sababbin masu kansar leɓe da baki sun haura 377,000, waɗanda ta kashe kuma sun haura 177,000, kuma Indiya da maƙwabtanta ne ke ɗauke da babban kaso, saboda taunar taba da wata ƙwaya da ake kira areka.

Wasu abubuwa uku da za ka riƙa gamuwa da su. Ƙululu a gaban kunne ko ƙarƙashinsa, mai motsi, wanda ya shekara da shekaru, yawanci ƙarin mabubbugar yawu ne marar illa, kuma shi ba a yankarsa ta fata don gwaji, siririyar allura ake sa wa a zuƙo. Amma irin wannan ƙululun in a ganɗa ya fito, kusan rabi yakan zama mai illa, kada a raina shi don ƙanƙantarsa. Na biyu, tabo ja mai duhu ko shuɗi-shuɗi a ganɗa ko dasashi yana iya zama kansar Kaposi, kuma wani lokacin ita ce alamar farko ta cuta mai karya garkuwar jiki, don haka a haɗa da gwajin jini. Na uku, ba kowane abu ake yanka ba. Kumburin da yake tarin jijiyoyin jini ne, mai bajewa in an danna ya sake cika in an saki, yankarsa a kujera haɗari ne. Akwai kuma wasu fararen dunƙule-dunƙule da ake gani a hoton muƙamuƙin mata baƙar fata masu matsakaicin shekaru, waɗanda in ba sa damun mai su barinsu ake yi, don taɓa su kan jawo ciwon ƙashi mai wuyar warkewa.

Tambaya daga wata mai juna biyu a Gombe: Likita, cikina wata shida. Wani jan nama ya fito a dasashina tsakanin haƙoran gaba na sama, ya kai girman gyaɗa, ko asuwaki na taɓa shi da shi sai jini. Ina tsoro ƙwarai.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, Allah ya raba lafiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da wani tsiro da muka sani sosai a wajen masu ciki. Canjin da jiki ke yi lokacin goyon ciki yana sa dasashi ya riƙa kumbura da abu kaɗan, in kuma akwai dattin da ya daskare a gindin haƙori, sai nama ya tsiro a wurin, ja, mai saurin zubar da jini. Ba kansa ba ne, kuma yana cikin abubuwan da aka fi samu in an gwada tsiron dasashi, a nan da ƙasashen waje. Sau da yawa yakan motse da kansa bayan haihuwa.

Amma ki je a duba shi, kada ki tsaya a kan maganata. Wankin haƙori a asibiti ba ya cutar da ciki, kuma shi ne rabin maganin. Kada ki daina wanke baki don tsoron jini, ki nemi buroshi mai laushi, ki bi a hankali. Kada a ɗaure shi da zare ko gashin doki, kada a sa masa kanwa ko toka. In yana hana ki cin abinci, ko jinin ya yi yawa, ana iya cire shi ko da cikin. In kuma an bar shi har bayan arba'in bai tafi ba, a cire. Duk ranar da aka cire, ki ce a kai shi gwaji, domin akwai wasu tsiron dasashi biyu ko uku masu kama da shi a ido, waɗanda sukan dawo in ba a kankare gindinsu ba.

Tambaya daga wani magidanci a Maraɗi: Likita, ɗana shekararsa shida. Mako uku da suka wuce kuncinsa ya fara kumbura, yanzu har idonsa na hagu ya fara turowa, haƙoransa na baya suna girgiɗi. Mun ba shi maganin hangum da na haƙori, ba sauƙi.

Amsa: Malam, wannan ba na jira ba ne. Kada ka bari a kwana biyu, ka kai shi babban asibiti inda ake da sashen yara. Na riga na aika maka wannan amsar tun ranar da wasiƙarka ta iso, ina maimaita ta a nan ne don sauran iyaye.

Kumburin muƙamuƙi mai saurin girma a yaro ɗan shekara huɗu zuwa bakwai ko sama kaɗan, tare da girgiɗin haƙoran da lokacin faɗuwarsu bai yi ba, yana sa mu tuna da kansar kaluluwa da ake kira limfomar Bakit. An sa mata sunan wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, wanda ya bayyana ta a 1958 bayan ya ga yara masu irin wannan kumburin a Kamfala ta Yuganda. Daga baya aka gano tana da alaƙa da wata ƙwayar cuta ta bairos da kuma yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ta fi yawa a ƙasashenmu masu sauro. Tana cikin kansar da ta fi kowace saurin girma a jikin ɗan Adam, tana iya ninka kanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma kuma tana cikin waɗanda suka fi jin magani. Na ga yaron da aka kawo fuskarsa ta karkace, ido ɗaya a rufe, aka fara masa maganin ƙarin ruwa, kafin mako ya zagayo uwarsa tana kuka tana cewa ga fuskar ɗanta ta dawo. Ba a yi mata tiyata, amma ba a fara wannan maganin mai ƙarfi sai an tabbatar, ko ta allurar zuƙo ko ta yankar tsoka. Kuma in kumburi ya saɓe, kada a gudu da yaro gida, sai an kammala zagayen maganin duka, in ba haka ba takan dawo da ƙarfinta.

Kada a haɗa ta da cutar noma, wadda wasu ma ciwon daji suke ce mata. Noma tana kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa, tana farawa da gyambon dasashi mai wari, kunci ya yi baƙi ya huje cikin kwanaki. Ita ido ke gane ta ba gwajin tsoka ba, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita in an zo da wuri. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Tambaya daga wani ɗan'uwa mazaunin Gadarif a Sudan: Likita, mahaifina shekararsa 67. Ya fi shekara 40 yana sa tumbak a leɓensa na ƙasa. Wata uku ke nan wani gyambo ya fito a wurin, gefensa ya yi tauri, ga fari-fari kewaye da shi. Ya ce zafi ne, yana sa masa zuma. Ya ƙi asibiti, ya ce shi ba ya jin ciwo.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da Baba. Wasiƙarka ce ta fi tsaya mini a rai a wannan watan. Ga masu karatun da ba su san tumbak ba, garin taba ne da ake kwaɓawa da kanwa a dunƙula a sa tsakanin leɓe da dasashi, ɗan'uwan garin tabar da dattawanmu ke sawa a nan. Binciken da aka yi a Sudan ya nuna yana ɗauke da sinadaran da ke haddasa kansa masu yawan gaske, kuma kansar takan fito daidai inda ake ajiye shi.

Gyambon zafi da muka sani, wanda ke fitowa in an yi zazzaɓi ko an ciji harshe, yana da raɗaɗi, kuma cikin kwana goma zuwa mako biyu ya warke. Duk gyambon bakin da ya wuce mako uku bai warke ba, ƙa'idarmu ita ce a duba shi, in ba a ga dalili a fili ba kamar karyayyen haƙori mai yankan wurin, a yanki gefensa a gwada. Na Baba ya yi wata uku, gefensa da tauri, a wurin da taba ta shekara 40 tana kwana. Rashin ciwon da yake kafa hujja da shi, shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin kansar baki a farkonta haka take, shiru. Sai ta kama jijiya ko ƙashi take fara ciwo, lokacin kuwa aiki ya yi nisa. Shi kuma fari-farin, ka gwada goge shi da tsumma mai tsabta. In ya goge ya bar ja, yawanci cutar fumfuna ce mai jin magani. In ya ƙi gogewa, shi ma abin gwaji ne, domin wani irinsa share fagen kansa ne.

Ban ce kansa ce ba. Tarin fuka ma yakan yi gyambo a baki, wasu cututtukan fata ma haka, kuma duk madubin ɗakin gwaji ne ke raba su. Amma in ita ce, wadda aka kama tana ƙarama, ba ta kai ga kaluluwar wuya ba, yawancin masu ita suna warkewa da tiyata. Wadda ta sauka wuya kuwa sai an haɗa da gashi, wato ƙona ta da hasken na'ura, kuma damar tana raguwa ƙwarai.

Dattijo ba a tursasa shi, kuma kada ka fara masa da kalmar daji, zai rufe ƙofa. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko limamin unguwa ko babbar 'yarsa, a ce masa likita zai duba ne kawai ya ɗauki ɗan abin da bai kai ƙwayar dawa biyu ba, da allurar kashe wuri, ya dawo gida ya yi sallar azahar a masallacinsa. Kafin ku tafi, ka shafa wuyansa da ƙarƙashin haɓarsa, in ka ji ƙululu mai tauri marar ciwo ka faɗa wa likitan. Ka tambaye shi ko leɓen yana masa kamar ya mutu. In yana shan maganin tsinka jini ko na suga ko na hawan jini, ku tafi da kwalayen. Ku nemi sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, ba wajen mai cire haƙori kawai ba. Tumbak ɗin kuma a ajiye shi daga yau, kada a ce za a mayar da shi ɗaya gefen leɓen. In sakamako ya fito, ka rubuto mini abin da aka rubuta a takardar harafi da harafi, zan fassara maka shi, in sha Allahu.